'Yata na son likitanci a Amurka: ta fara darussan kimiyya a kwalejin al'umma tun tana sakandare?

Wata Hajiya da ke zaune a Bronks, cikin birnin Niyok, ta aiko mini da tambaya. 'Yarta na da shekara 16, tana aji 11 a sakandare, wato aji 12 kaɗai ya rage mata, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai na zama likita. Makarantarsu ta ba su dama su riƙa ɗaukar darussa kyauta a kwalejin al'umma, irin kwalejojin nan na shekara biyu. Hajiya na so yarinyar ta kwashe bayoloji da kemistiri da fiziks tun yanzu, a rage hanya a kuma rage kuɗi. Sai wata maƙwabciya ta ce mata makarantun likitanci ba sa ganin darussan kwaleji da gashi. Shi ne take tambaya wanne za ta kama.

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah Ya raya mana ita Ya cika mata burinta. Na daɗe ina koyar da kemistiri, ina kuma zama da yaran da ke shirin neman likitanci, kuma wannan tambaya taki kusan kowace shekara sai an kawo mini ita. Amsata ita ce ta ɗauka, amma ba duka ba, kuma kada a ɗauka da niyyar rage hanya.

Bari in fara da inda mu da muka taso a gida muke yawan ruɗewa. A Najeriya yaro na gama sakandare zai rubuta JAMB, in ya dace ya shiga likitanci kai tsaye, shekara 6, kuma a shekarar farko ake yin fiziks da kemistiri da bayoloji. A Amurka ba haka tsarin yake ba. Sai an yi digirin farko na shekara 4 a kowane fanni mutum ya ga dama, ko da tarihi ne, sannan a nemi makarantar likitanci, ita ma shekara 4, sannan horon asibiti na shekara 3 zuwa 7 gwargwadon fannin da aka zaɓa. A cikin digirin farkon nan ne ake so ɗalibi ya yi wasu darussa na sharaɗi. Galibin makarantu na neman shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kemistiri na gama-gari, kemistirin oganik, shekara guda ta fiziks, dukkansu da aikin ɗakin gwaji, sai bayokemistiri, da lissafi ko ƙididdiga, da Turanci. Waɗannan ne kike so 'yarmu ta fara tun yanzu.

Kuɗin da kike hange gaskiya ne, ba na raina shi. Kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan gari ya kan tsaya kusa da dala 4,000 a shekara, jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ta haura 11,000, jami'a mai zaman kanta kuma ta haura 40,000. Shirin da ake yi a nan Niyok, College Now na jami'ar CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin Niyok, kyauta ne ga 'yan sakandaren gwamnati, kuma a Bronks kuna da kwalejoji biyu a kusa, Hostos da Bronx Community College. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke Girinsboro su ma suna da irinsa a Arewacin Karolina, Career and College Promise. Duk wanda ya ce miki ki yi watsi da irin wannan dama bai san zafin biyan kuɗin makaranta ba.

To amma ga abin da ba a cika gaya wa iyaye ba, kuma shi ne ƙashin bayan amsata. Ranar da yarinya ta sa hannu a rajistar darasin kwaleji, takardarta ta neman likitanci ta fara rubutuwa, ko da shekararta 16. Akasarin makarantun MD, wato masu ba da digirin likita da aka fi sani, ana neman su ta tsari ɗaya mai suna AMCAS, makarantun DO, masu ba da ɗaya nau'in digirin likita na ƙasar nan, ta AACOMAS, na gwamnatin Teksas kuma ta TMDSAS. AMCAS na buƙatar takardar sakamako daga kowace kwaleji da mutum ya taɓa yin rajista a cikinta a Amurka, har da darussan da ya ɗauka yana sakandare. Ba a zaɓa, ba a ɓoyewa, kuma ɓoyewar laifi ne da ke iya rushe komai. Makin zai fito a layinsa na shekarun sakandare, sannan a zuba shi cikin jimillar GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. Ana kuma ware wani GPA na musamman na bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi, wanda masu tantancewa ke fara kai ido kansa.

Maimaita darasi ba ya goge na farko. In ta sami C ta sake ta sami A, duka biyun za a lissafa, ya zama tamkar B ta samu sau biyu. Jami'ar da za ta shiga na iya karɓar kiredit ɗin, wato awon nauyin darasin da ta yi, ta bar makin a waje, har yarinya ta ɗauka ya wuce, amma AMCAS zai dawo da shi. Makarantun DO a da suna maye tsohon maki da sabo, sun daina tun 2017.

Na taɓa zama da wata ɗaliba a ofishina, tana shekarar ƙarshe a jami'a, ta bugo lissafin makinta a takarda ta ajiye a gabana. Tun daga shekarar farko har ƙasa kusan A ne a jere. A can sama kuwa akwai layi biyu, kemistiri na ɗaya da na biyu, C da C, kiredit 8, waɗanda ta yi wani bazara tana 'yar shekara 16. Ta ɗora yatsa a kansu ta ce, "Malama, lokacin nan fa ƙanina nake raino, mama na aikin dare." Muka ɗauki biro muka lissafa tare. Kiredit 52 na A da kiredit 8 na C, GPA ɗinta na kimiyya ya sauko daga 4.0 zuwa 3.73. Bai hana ta shiga ba, ta shiga, don masu tantancewa na duba yadda maki ke hawa shekara bayan shekara. Amma ita ta biyo bayan C ɗin da shekara huɗu na A tsantsa, kuma ba kowa ke samun haka ba. Masu neman MD sun haura 50,000 a shekara, waɗanda ke shiga kusan 23,000 ne, matsakaicin GPA ɗinsu na kusa da 3.8. A irin wannan cunkoso, maki biyu da aka samu a ƙuruciya na iya zama abin da za a yi ta ba da bayani a kansa.

Saboda haka tambayar farko ba ta kwalejin ba ce, ta yarinyar ce: in ta shiga ajin nan yau, za ta iya fitowa da A, ko aƙalla B mai ƙarfi? In amsar da shakku, a jira. Darasin ba gudu zai yi ba.

Yanzu maganar maƙwabciyarki. Tana da rabin gaskiya. An daɗe ana yi wa kwalejojin al'umma kallon masu sauƙi, kuma har yau akwai makarantun likitanci da suka rubuta cewa sun fi son a yi darussan sharaɗi a jami'a mai shekara huɗu, wasu kuma su ce za su duba kowane mutum da halinsa. Amma da yawa suna karɓa ba tare da wani sharaɗi ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Academic Medicine a 2014, a kan masu nema na 2012, ya gano cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga likitanci sun taɓa bi ta kwalejin al'umma, kuma kusan ɗaya cikin goma sun yi haka ne tun suna sakandare, irin abin da 'yarmu ke shirin yi. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka fara karatunsu gaba ɗaya a kwalejin bayan sakandare sun fi shan wahalar samun gurbi. Ni a ganina wannan rashin adalci ne, don na ga malaman kwaleji da ke koyar da ɗalibai 24 da hannunsu, sun san sunan kowa, yayin da a babbar jami'a ɗalibai 400 ke zaune a zaure guda. Amma tunda haka abin yake, dole a yi shiri da shi.

Abin da ke ɗaga wa masu tantancewa gira shi ne ɗalibin da ke jami'a, ya ga oganik na kayar da mutane, sai ya sulale kwaleji da bazara ya yi shi a can. Wannan ana karanta shi a matsayin gudun wahala. Yarinyar da ta yi kemistiri a kwaleji tana sakandare kuwa labarinta daban ne, ta nemi abin da ya fi ƙarfin ajinta ne. Sharaɗin kawai shi ne in ta shiga jami'a ta ɗora a kai. Wadda ta yi bayoloji na farko a kwaleji, sai ta yi ilimin ƙwayoyin gado da ilimin ƙwayar halitta da na aikin gaɓoɓin jiki a jami'a ta ci su da kyau. Daga nan babu mai sake tambayar ingancin tushenta.

Ba sai kun yi ta zato ba. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, na da kundi a intanet mai suna MSAR. Makaranta bayan makaranta, yana nuna darussan da take nema, da matsayinta kan darasin kwalejin al'umma, da na AP (darussan matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare), da wanda aka yi ta intanet. Akwai ɗan kuɗin shiga, amma shafin kowace makaranta ma na ɗauke da bayanin kyauta. Ku fara da makarantun jiharku.

Da 'yata ce, ga yadda zan tsara mata. Lissafi ne farko. Yawancin yaran da na ga kemistiri ya kayar, ba kemistirin ne ya kayar da su ba, aljabara ce. Yaron da hannunsa bai faɗa da juya ma'auni da logaridim ba zai sha wuya a lissafin mol da na asid, ya kuma sake shan ta a fiziks. Don haka ta yi lissafin share fagen kalkulas, ko kalkulas ɗin in ta kai, da ƙididdiga, wadda makarantu da yawa ke nema yanzu. Sai dai ki tuna lissafi ma na cikin GPA na kimiyya, ba wurin wasa ba ne. Bayan shi sai Turancin rubutu, da ilimin halayyar ɗan'adam, da ilimin zamantakewa. Waɗannan biyun na ƙarshe tun 2015 suna da sashe guda sukutum a MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, kuma ba kasafai ake ƙorafi don an yi su a kwaleji ba. Suna kuma cike gurbin darussan dole na jami'a, a nan ne rage kuɗin da kike so zai fito.

In ta yi zango ɗaya ko biyu ta ga ta riƙe, a aji 12 sai ta ɗauki kimiyya guda ɗaya mai ɗakin gwaji, kemistiri na gama-gari ko bayoloji. Guda ɗaya, ba biyu ba. A zangon da aka saba na mako 15, ba na bazara da ake matse shi cikin mako 6 ko 8 ba. Kuma a aji na ido da ido. An sassauta wa darussan intanet a 2020 saboda korona, amma har yanzu ba kowace makaranta ke karɓar aikin gwajin da aka yi a kwamfuta ba.

Ni ma ba don sharaɗin kaɗai nake nacewa a kan wannan ba. Akwai ranar da ɗalibi ke tsayawa gaban bututun awo, yana sakin ruwan sinadari ɗigo-ɗigo cikin kwalba, hannu ɗaya a kan famfon, ɗaya yana kaɗa kwalbar. Ruwan fari tas, sai wani ɗigo ya sauka ya yi ja-ja ya ɓace, wani ya sake sauka ya ɓace, can sai ɗigo guda ya mayar da shi ruwan hoda mai haske ya tsaya. In ya yi gaggawa ya ƙara biyu, launin ya yi duhu, aikin awa guda ya lalace, sai a wanke kwalba a sake. A wurin nan yaro ke koyon haƙuri da auna abu daidai da rubuta abin da ya gani ko da ba shi yake so ya gani ba. Yarinyar da ta sami wannan tana 17, a ƙaramin aji, malami na tsaye kusa da ita, ta shiga jami'a da abin da tsaranta ba su da shi. Wannan ita ce ribar farawa da wuri a wurina.

Akwai tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Kwalejojin al'umma kan koyar da kemistiri da bayoloji da fiziks iri biyu. Akwai na masu shirin aikin jinya da sauran ma'aikatan lafiya, akwai na masu karantar kimiyya. Na farkon sunansa ya fi jan ido, don za ki ga kalmar lafiya a jikinsa, sai uwa ta ce ai wannan ne na likita. Akasarin makarantun likitanci ba sa lissafa shi a darasin sharaɗi, amma makinsa zai shiga GPA. Na masu karantar kimiyya ake so. Haka darasin sassan jiki da 'yan jinya ke rububi, yana da amfani, amma galibi ba ya cikin sharuɗɗa. Kafin rajista ta tambayi mai ba da shawara a kwalejin da baki: wannan shi ne wanda ɗalibin digirin kemistiri ke ɗauka?

Oganik da bayokemistiri kuwa a bar su sai jami'a. Dalilina biyu ne. Na farko, su ne ma'aunin da masu tantancewa suka fi yarda da shi, kuma daga malaman irin waɗannan darussa ake samun takardun shaida, waɗanda makarantu da yawa ke son biyu daga ciki su fito daga malaman kimiyya. Malamin da ya koyar da ita tana 16 da wuya ya tuna ta bayan shekara biyar. Na biyu shi ne MCAT. Jarrabawa ce ta kusan awa bakwai da rabi, sashe huɗu, maki daga 472 zuwa 528, kuma waɗanda ke shiga MD matsakaicinsu na wajen 511 zuwa 512. Akasari ana rubuta ta a ƙarshen shekara ta uku ta jami'a ko bayan haka. Ki lissafa: fiziks ɗin da ta yi tana 16, sai tana 20 ko 21 za a tambaye ta shi. Ba kuma za ta ce bari ta rubuta da wuri ta ajiye ba, don yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu zuwa uku, kuma sau 7 kacal aka yarda mutum ya rubuta a rayuwarsa, kowane zaman da aka ba shi maki na fitowa a takarda.

Ko kemistiri na gama-gari ma akwai abin lura. In ta gama shi duka biyun a sakandare, jami'a na iya tura ta oganik a zangonta na farko, cikin 'yan shekara ta biyu, a daidai lokacin da take koyon zama nesa da gida. Wasu yaran na ɗauka lafiya lau, wasu kuwa nan suke tuntuɓe. Tana da damar jinkirta shi zuwa zango na gaba, kuma sau da yawa haka nake ba da shawara. Sauri kan haifi nawa. Matsakaicin shekarun masu shiga likitanci a ƙasar nan na wajen 24 ne, da yawansu ma sun tsaya shekara ɗaya ko biyu bayan digiri suna aiki. Babu wani maki da ake ƙara wa mutum don ya zo yana 20.

Hajiya, akwai naki ɓangaren. A sakandare malami na kiran ki in yarinya ta yi sanyi. A kwaleji babu mai kiran ki. Dokar sirrin ɗalibai ta ƙasar nan, FERPA, na mayar da haƙƙin takardun kwaleji hannun ɗalibin da zarar ya yi rajista, komai ƙanƙantar shekarunsa, don haka galibi sai ta buɗe miki da kanta za ki san halin da ake ciki. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa za ta nuna miki sakamakon jarrabawar farko, kuma ba za ki yi faɗa ba. Ku rubuta ranar ƙarshe ta janyewa daga darasi ku manna a jikin firij. Wanda ya janye kafin ranar, W za a rubuta masa, yana fitowa a takarda amma AMCAS ba ya sa shi a lissafin GPA. W guda ɗaya a shekara 16 ya fi D sauƙi nesa ba kusa ba. Yaranmu kan ɓoye faɗuwa don kunyar iyaye har ranar ta wuce, na gani ba sau ɗaya ba. Sannan ki duba aikin gida. Darasin kimiyya mai kiredit 4 na cin awa shida ko bakwai a aji da ɗakin gwaji, da wasu awa takwas na karatu a gida kowane mako. In ita ce mai girki da ɗauko ƙanne daga makaranta da Islamiyya, sai an rage mata wani abu, ko a rage darasin.

Wani abu kuma game da lokaci. Darussan da ta yi kafin ta gama sakandare galibi ba sa hana ta shiga jami'a a matsayin sabuwar ɗaliba. Amma in ta gama sakandare ta yi rajistar cikakken zango a kwaleji, jami'o'i da yawa za su ɗauke ta a matsayin mai canjin makaranta, kuma tallafin karatu mafi tsoka na sababbin ɗalibai ne. Shirye-shiryen nan da ke haɗa digirin farko da likitanci a tafiya ɗaya, irin Sophie Davis na CUNY, su ma daga sakandare suke ɗauka. Wannan ba ya nufin fara digiri a kwalejin al'umma laifi ne. In kuɗi ko halin gida ya sa haka, hanya ce da likitoci da yawa suka bi. A dai shiga da sani.

Ba ki faɗi matsayin takardunta ba, kuma ba sai kin faɗa mini ba. In haihuwar nan ce ko tana da katin zama na dindindin, ƙofa a buɗe take. In ba haka ba, makarantun da ke karɓar baƙi kaɗan ne, kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya galibi ba ya samuwa, don haka gara a san wannan tun yanzu a tsara da shi.

Kada kuma darussa su cinye lokacinta duka. Makarantun nan na so su ga ta taɓa zama kusa da marar lafiya, ta san warin asibiti, ta ga likita a ranar da ya gaji. Asibitoci da yawa na ɗaukar 'yan sakandare aikin sa kai. Ki riƙe mata Hausarta da kyau, ki riƙa yi mata magana da ita a gida. A Bronks akwai tsofaffinmu daga Gana da Nijar da Najeriya da ke zuwa asibiti ba sa iya faɗin inda ke musu ciwo da Turanci, kuma a takardar AMCAS akwai gurbin da ake rubuta harsunan da mutum ke ji.

A makon nan, ku je wurin mai ba da shawara na makarantarsu ku karɓi jerin darussan da aka buɗe wa 'yan ajinsu, don ba kowane darasi ake ba 'yan sakandare ba. Ku zaɓi guda ɗaya na zango mai zuwa, lissafi ko ƙididdiga in akwai. Ta buɗe fayil ta riƙa ajiye manhajar kowane darasi da sunan littafin da lambar darasin, don jami'a na iya neman su kafin ta karɓi kiredit, bayan shekara biyu kuma samo su wahala ne. In sakamakon zangon ya fito ki aiko mini, tare da makinta na kemistirin sakandare, sai mu duba ko ta shiga ɗakin gwaji a aji 12 ko ta ƙara zango guda na lissafi. Ki gaishe mini da ita.